KAREN LASA: HALINSA DA ZAMANSA A GIDAJEN KUDANCIN KADUNA



Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha da yammacin Asabar, ba wuya ya yi kiciɓis da wani ɗan ƙaramin kare mai dogon gashi, ko dai rungume a hannun wata yarinya, ko kuwa yana leƙe ta tagar mota. Masu shi suna kiransa Lasa, cikakken sunansa kuwa a littattafan Turawa Lhasa Apso. Mai yiwuwa ne wani ya ce kawo zancen kare a zauren jami'a abin mamaki ne, kamar kare da tallan tsire. Amma dabbar da ke kwana a ɗaki ɗaya da yara, wadda bakinta yake daidai da fuskar jariri mai rarrafe, kuma takan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya, ta cancanci a san halinta kafin a shigo da ita gida.

Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, yawancin masu sayen Lasa kamanninsa suke saye, ba su san halinsa ba. Kamanninsa na 'yar tsana ne, halinsa kuwa na mai gadi. Daga wannan saɓani ne mafi yawan matsalolinsa ke tasowa.

ASALINSA

Hausawa sun ce hali zanen dutse, saboda haka tilas a fara da inda aka yi zanen. Lhasa babban birnin Tibet ne, ƙasar da ke bisa tudun da ke arewa da duwatsun Himalaya, tana ƙarƙashin mulkin Sin a yau. Birnin yana sama da teku da kimanin mita 3,650, Kaduna kuwa ba ta wuce mita 600 da 'yan kai ba. Ƙasa ce ta sanyi da busasshiyar iska. A gidajen manyan mutanen Tibet, da gidajen ibada na mabiya addinin Buddha, an raba aikin tsaro gida biyu. A bakin ƙofa akan ɗaure wani ƙaton kare mai ƙarfi, wanda aikinsa shi ne ya tare ɓarawo. A cikin ɗakuna kuwa sai a ajiye wannan ɗan ƙarami, shi nasa aikin shi ne ya kasa kunne, in ya ji motsin da bai sani ba ya yi haushi ya ta da mutanen gida. Watau ba don faɗa aka raine shi ba, ba kuma don wasa da yara ba. Aikinsa rarrabe ɗan gida da baƙo, da kai labari.

Ba a cika sayar da shi ba a can, kyauta ake yi da shi ga wanda ake girmamawa. Ya fara fita waje ne a farkon ƙarni na 20. A shekarar 1904, watau shekara guda bayan da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, wata rundunar Ingila a ƙarƙashin Francis Younghusband ta taso daga Indiya ta shiga Lhasa. A shekarun nan ne 'yan karnukan suka riƙa isa Ingila a hannun hafsoshi da ma'aikatan mulkin mallaka masu komawa gida. A 1933 Dalai Lama na 13, shugaban Tibet na lokacin, ya ba wani Ba'amurke mai suna Suydam Cutting kyautar waɗansu, a 1935 kuma ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta amince da irin. Daga Turai da Amurka ne ya bazu zuwa biranen duniya, har ya iso Ikko da Jos da Kaduna.

Siffarsa ba ta bukatar dogon bayani. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa inci 10 zuwa 11 ne, nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi, na waje miƙaƙƙe mai kauri wanda in an bar shi sai ya taɓa ƙasa ya rufe idanu. Wutsiya a naɗe bisa gadon baya, hanci kuma gajere. Duk wannan tufafin sanyi ne, kuma za a komo kan abin da ke samun mai irin waɗannan tufafi a Kaduna cikin watan Afrilu.

HALINSA

Babban abin da ya bambanta Lasa da sauran ƙananan karnukan ɗaki shi ne rashin saurin yarda da baƙo. Ƙa'idojin da masu kiwonsa suka rubuta a Ingila da Amurka sun bayyana shi da cewa mai fara'a ne, mai tsayawa kan ra'ayinsa, amma mai ɗari-ɗari da wanda bai sani ba. Akwai ƙananan karnuka waɗanda kowa ya shigo sai su tarye shi da kaɗa wutsiya, ko da ɓarawo ne. Lasa ba haka yake ba. Yakan tsaya nesa ya yi haushi, sa'an nan ya zuba ido ya ga yadda maigida ya karɓi mutumin, ya ɗauki lokacinsa kafin ya matso ya sunsuna. In baƙo ya ƙyale shi, sau da yawa sukan shirya. In kuwa ya sunkuyo kansa ya kai hannu don ya ga abu mai kyan gani, to, ya shiga hurumin da ba a gayyace shi ba.

Na biyu, yana da taurin kai. Kare ne da aka saba barinsa ya yanke hukunci da kansa, saboda haka umurni ba ya ratsa shi da sauri. A 1994 wani malamin ilmin halayya a Kanada, Stanley Coren, ya wallafa littafi inda ya jera ire-iren karnuka bisa ga ra'ayin alƙalan gasar biyayya, sai Lasa ya faɗo can wajen ƙarshen jerin. Amma fa a lura, biyayya aka auna, ba wayo ba. Duk ma'aikacin gwamnati ya san akawun da ya fi kowa sanin aiki a ofis, wanda kuma ya fi kowa wuyar juyawa. Lasa yana gane abin da ake so sarai, sai dai yana son ya ga ribar yi. Da 'yar tsokar nama da yabo, da darasi gajere na minti biyar kowace rana, yakan koyi zuwa in an kira shi, da zama, da yin shiru in an ce ya isa. Da bulala kuwa ba ya koyon kome sai tsoron hannu, karen da ke tsoron hannu kuwa shi ne ke cizonsa.

Na uku, yana da kishin abinsa: kwanon abincinsa, da kujerar da ya saba kwanciya, da mutumin da ya fi shaƙuwa da shi a gidan. Ba ya kuma jure wasan banza. A nan ne yara ke shiga hatsari, domin yaro ɗan shekara uku bai san bambanci tsakanin kare da 'yar tsana ba, sai ya ja gashi, ya ɗaga shi ta ƙafa, ya tusa fuska cikin fuskarsa. Kare ba ya cizo sai ya yi gargaɗi, sai dai mutane ba su iya karanta gargaɗin ba. Da farko zai kau da kai, ya lashi hanci, ya nemi tashi. In ba a bar shi ba sai jikinsa ya sandare. Daga nan sai gurnani, daga gurnani sai haƙori. Abin takaici shi ne, in babban kare ya yi gurnani kowa sai ya ja da baya, in ƙarami ya yi sai a yi dariya, ko kuma a make shi. Wanda ya yi dariya ya koya wa yaronsa cewa gurnani wasa ne. Wanda ya doke shi kuwa ya koya wa karen ya daina gargaɗi, ya wuce kai tsaye zuwa cizo.

Kada a ɗauka duk aibi ne. Ga wanda ya yarda da shi, Lasa abokin zama ne mai riƙon amana da son wasa, kuma yakan daɗe bai bar ƙuruciya ba, har ya kai shekara biyu ko uku. Ba ya bukatar fili mai faɗi, ɗan yawo safe da yamma ya ishe shi. Ya fi yawancin karnukan ɗaki haƙurin zaman kaɗaici sa'ad da maigida da uwargida suka tafi aiki. Kunnensa kuwa, babu mai gadin da ya kai shi.

KUSKURE IRI BIYU

Kudancin Kaduna gari ne da aikin albashi ya gina. Tashar jirgin ƙasa ce ta fara tara mutane, sa'an nan masaƙar Kaduna Textiles ta buɗe a Kakuri a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ma'aikata suka zo daga kowane sashe na Nijeriya, da al'adunsu dabam dabam game da kare. Manyan masaƙun nan sun rufe tun shekarun 2000, amma jama'ar ba ta ragu ba, sai ƙaruwa, musamman bayan rikicin Fabrairun 2000 sa'ad da iyalai da yawa suka canza unguwa, waɗansu suka ƙetaro kudu waɗansu suka koma arewa. Filaye suka tsuke, katangu suka yi tsawo, tsoron ɓarayi da masu satar mutane ya sa kowane magidanci yana son abin da zai tashe shi da dare. Ma'aikacin da ke zaune a gidan bene a Barnawa ba shi da wurin ajiye babban kare irin na 'yan sanda, ba shi kuma da kuɗin ciyar da shi. Ga shi kuwa an ce akwai ƙarami mai cin abinci kaɗan, mai kyan gani, mai yawan haushi. Dalilin farin jinin Lasa ke nan, kuma dalili ne mai ma'ana.

Kuskure na farko na wanda ya saya wa 'ya'yansa ne don wasa, an kuwa riga an ga inda wannan ke kaiwa. Gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai ba gidan Lasa ba ne, sai fa in akwai babban da zai tsaya kansu duk lokacin da suke tare, abin da ba ya yiwuwa a yawancin gidaje.

Kuskure na biyu na wanda ya ji an ce mai gadi ne, sai ya yi masa irin riƙon da ake yi wa manyan karnuka a nan: a kulle shi a keji a bayan gida yini zubur, kada ya ga kowa don wai ya yi zafi, da dare a sake shi. Wannan ya ba ƙaramin aikin babban. Kare mai kilo 7 ba zai tare kowa ba, hasali ma shi kansa abin sata ne, tun da yana da tsada. Bugu da ƙari, amfanin Lasa duk yana ga iya rarrabe ɗan gida da baƙo, wanda aka kulle kuwa bai san kowa ba, saboda haka kowa baƙo ne a wurinsa. Zai yi wa mai ruwa haushi, ya yi wa mai karanta mitar lantarki, ya yi wa yaran maƙwabta da ƙadangare. Ƙararrawar da ke kaɗawa kowane minti, ran da ɓarawo ya zo ba wanda zai tashi.

Lamarin ya fi tsanani a gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, irin waɗanda suka cika Television da Unguwar Romi da Nasarawa, inda iyali takwas ko goma ke shiga ta ƙofa ɗaya. Karen da aka tsara don gida mai shiru, a nan ba zai huta ba, maƙwabta ma ba za su huta ba. Mai niyyar ajiye shi a irin wannan gida, ya fara neman yardar mai gidan da ta abokan haya, sa'an nan ya gabatar da kwikwiyon ga kowannensu tun yana ƙarami.

ZAFI, DAMINA DA HUNTURU

Da yawa daga abin da ake kira mugun hali a wurin Lasa ciwo ne kawai. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, mai gajeren hanci kuwa hakinsa ba ya wadatarwa. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce digiri 35, a cikin keji mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Karen da aka bari a nan, ko a cikin mota a kulle, zafi na iya kashe shi a ƙasa da awa guda. Maganin abin shi ne inuwa da ruwa koyaushe, da yawo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da rage gashin da almakashi ya komo kamar inci ɗaya ko biyu. Dogon gashi mai jan ƙasa na hotunan gasa ne a Turai. Amma kada a yi masa ƙwal-kwabo, gama rana za ta ƙone fatar.

Da damina, gashin da ba a tajewa kan cukurkuɗe ya dunƙule, ya riƙa jan fata duk sa'ad da karen ya motsa. A ƙarƙashin dunƙulen nan kaska da ƙuma ke ɓuya, kaska kuwa tana sa cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama. Akwai kuma ƙudan tumbu, wanda ke yin ƙwai a ƙasa mai laima inda dabba ta yi fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki kamar maruru. Da hunturu sai ƙura ta addabi idanu, irin nan kuwa dama yana da gadon bushewar ido. To, kare mai tsutsa a ciki da gyambo a bayan kunne, in yaro ya rungume shi ya cije shi, laifin wa? Duk karen da halinsa ya canza farat ɗaya, likitan dabbobi za a fara kai wa, ba mai horo ba.

CIZO DA CIWON HAUKA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce wadda in alamunta suka bayyana ba a tashi. Hatsarin ƙaramin kare shi ne ana raina cizonsa, a ce ai ɗan ƙwarzane ne, kuma karen gida ne ba ya fita. Amma karnukan titi suna shigowa ta ƙofa da magudanar ruwa, kuma cizon da ya sami yaro a fuska ko a yatsa ya fi saurin kai cutar ga ƙwaƙwalwa.

Rigakafin ba shi da wuya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar, asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a Kaduna suna yi wa karnuka, ga kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a kuma adana katin. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi, a tsare shi kwana 10 likita yana dubawa, domin lafiyarsa a kwanakin nan ita ce za ta nuna ko yana ɗauke da cutar sa'ad da ya yi cizon.

BAƘO DAGA ƘETAREN KOGI

Bahaushe ya san kare tun fil azal, amma a dawa da bakin garke ya san shi, wajen farauta da tsaron dabbobi, ba a kan kujerar falo ba. A mazhabar Malikiyya, wadda Musulmin ƙasar nan ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a kan kansa, ko da yake an yi umurni a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, kuma hadisai sun yarda da ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a zamanin rashin tsaro, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Hukuncin karen da mazauninsa cikin ɗaki ne, wannan na malamai ne. Abin da ya shafi mai Lasa a Barnawa ya fi haka sauƙi. In abokin aikinsa ya taso daga Unguwar Rimi ko Kawo don ya gaishe shi, ya shigar da karen ɗaki ya rufe kafin baƙon ya zauna, kada ya tsaya yana cewa ai ba ya cizo. Irin wannan ziyara ta ragu ƙwarai tun 2000, bai kamata ɗan kare ya ƙara rage ta ba. Shi ma karen, da ɗabi'arsa ta ɗari-ɗari, hakan ya fi masa daɗi.

ZAƁEN KWIKWIYO

Duk abin da aka faɗa game da halin Lasa magana ce a kan irin gaba ɗaya, ba alkawari ba ne a kan kowane guda. A 2022 waɗansu masana a Amurka suka wallafa bincike a mujallar Science a kan karnuka fiye da 18,000, suka tarar cewa iri yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 ne kaɗai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Daɗin daɗawa, ba duk abin da ake sayarwa da sunan Lasa a Nijeriya ne Lasa tsantsa ba, sau da yawa gauraye ne da waɗansu ƙananan karnuka masu gashi, ba tare da takardar asali ba. Wannan ba aibi ba ne ga karen, amma yana nufin sunan da mai sayarwa ya faɗa ba zai gaya wa mai saye kome da yawa ba. Uwar ce za ta gaya masa. Ya je gidan da aka haifi kwikwiyon ya ga yadda karyar ke karɓar baƙo: in ta yi haushi sa'an nan ta natsu, madalla, in kuwa ta ɓuya tana makyarkyata ko ta yi ta kai hari, ya haƙura. Ya guji kwikwiyon da ya tsumbure yana yawan shan ruwa da fitsari, gama akwai ciwon ƙoda na gado a irin. Ya kuma tambayi katin rigakafi, saboda cutar zawon jini mai suna parvo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Kada a raba shi da uwarsa kafin sati takwas. Tun a 1965 Scott da Fuller, bayan shekaru suna gwaji a jihar Maine ta Amurka, suka nuna cewa tsakanin sati 3 da sati 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi har ƙarshen ransa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke nan mai saye yana da wata guda kacal a hannunsa, wanda a cikinsa ya kamata kwikwiyon ya ga mai rawani da mai hula, da mace mai lulluɓi, da yara, da tsoho mai sanda, ya ji ƙarar janareto da babur, a taje shi, a taɓa kunnuwansa da ƙafafunsa, duk cikin lallashi.

Saura lissafin shekaru. Ma'aikacin gwamnati ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe zuwa Birnin Gwari ko Kafanchan, ya tarar gidan da aka ba shi ba a yarda da kare ba. Ɗalibi kuwa, in ya sayi kwikwiyo yana aji biyu a jami'a, karen nan yana nan da ransa sa'ad da zai tafi aikin bautar ƙasa, yana nan ran aurensa, mai yiwuwa ma yana nan ran da ɗansa na fari zai shiga firamare. Lasa kuma, da yake mai shaƙuwa da mutum ɗaya ne mai jinkirin yarda da sabo, yana cikin karnukan da suka fi shan wuya in aka miƙa su ga wani gida bayan sun girma.